Abin da Na Riƙa Faɗa wa Likita

Wata uku bayan injin yankan takarda ya murƙushe mini yatsu biyu a maɗaba'ar da nake aiki, manaja ya ce raunin bai kai na diyya ba. Na kwashi takardun asibiti sai ofishin wata lauya. Da karatuna ba wanda zai taka ni.

Ta daɗe tana juya takardun, tana leƙen hannuna ta saman tabarau.

"Ƙanwata, riƙe biron nan mu gani."

Na gwada, ya suɓuce.

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Sau shida kika ga likita, sau shida ya rubuta kina samun sauƙi. Me kike ce masa?"

"In ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Me ake cewa?"

"Ko kuka ba ki yi ba?"

"A gaban mutane? Ranar da aka yi ɗinkin ma ni na riƙa ba Inna haƙuri."

Lauyar ta yi dariya. "Dauriyarki ce babbar shaidar manaja. Alƙali takarda yake karantawa, ba ruwansa da cije leɓe."

Washegari na koma asibiti. Likita ya ce ya jiki, ko kai bai ɗago ba. Amsar da na saba ta zo har bakina, na haɗiye ta, na ɗora hannun a teburinsa.

"Babu sauƙi, likita. Ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa da kaina. Rubuta, zan karanta kafin in fita."