Baba Dogara da Idon Kyamara

"Ƙara matsawa baya, Maman Ladan. Har bakin rijiya. Yawwa, ɗaga jaridar daidai ƙirjinki."

Na tsaya, hannuna duk kumfar wanki. Baba Dogara yana ƙofar ɗakinsa, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle a bayan wata tsohuwar kyamara mai ƙafa uku. Ya daɗe yana murɗa idonta. Da ya fito da kai, hasken hantsi ya bugi fuskarsa. Farin idanunsa ya koma ruwan ɗorawa.

"Da saura," in ji shi. "Ke ya kamata ki fito, amma bangon bayanki ne ke fitowa tas, ke kuwa kamar hayaƙi."

"Baba, ka duba idonka a madubi kuwa?"

"Shawara ce. Na jiƙa saiwa, ina sha."

Gidan haya ɗaya muke a bayan kasuwa, lokacin garinmu bai zama Suleja ba, Abuja ake ce masa. Baba Dogara mutumin Diko ne, tsohon soja. A bariki ya koyi gyaran agogo da gilasan hangen nesa, har masu hoto daga Bida kan kawo masa aiki. Matarsa Esta tana can Diko wurin gona tun farkon damina.

Kyamarar ta Ummaru mai hoto ce, ya gaje ta wurin ubangidansa. Ta taɓa faɗowa daga keke, ga fumfuna ta kama gilasanta. Masu awon sabon birnin tarayya sun ba Ummaru aikin ɗaukar ƙauyukan da aka ce za a tayar. In kyamararsa ba ta gyaru ba, daga Kaduna za su kawo wani.

In Baba zai buɗe idon kyamara, sai ya rufe ƙofa da taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ya ce ko ƙwayar ƙura ta shiga tsakanin gilasan, aiki ya ɓaci. Da wani ruwa yake wanke su, a cikin ƙatuwar kwalba mai duhu da ya taho da ita daga soja. Warinsa zaƙi-zaƙi ne, mai kama maƙogwaro. Ranar da kazata ta kutsa ɗakin aka rufe da ita, tana tangaɗi ta fito. Kafin la'asar ta miƙe ƙafa.

Na nuna masa ita. Ya dube ta.

"Zan saya miki wata," ya ce, ya koma ciki ya ja ƙofa.

Daga nan ya daina cin tuwo. Kunun da nake kai masa ma, ina jin sa yana amayar da shi a bayan ɗaki. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmin soja ya ƙi shiga. Maigidana Isiyaku, direba ne, ya same shi da maganar asibitin Minna.

"Baba, mota tana nan. Ka shirya mu tafi."

"Bari in gama na Ummaru."

Shi kansa Ummarun da ya zo ya gan shi, sai ya yi salati.

"Baba, don Allah ka bar ta. Aikin nan ya wuce, ya wuce."

"Na riga na warware ta gunduwa-gunduwa, yaro. Wa zai mayar maka? Ka ga wannan ɗan zoben? Kaurin farce ya rage in kankare, shi ke nan."

Zoben ya suɓuce masa ya faɗi. Ummaru ya durƙusa ya lalubo masa shi a ƙarƙashin benci. Ran nan na tare wani direban Diko a tasha, na ce ya gaya wa Esta ta baro gonar nan ta zo.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Ɗakinsa a rufe tun safe, ko motsi babu. Na buga, shiru. Na sake bugawa da ƙarfi. Can sai ƙofa ta buɗe, warin nan ya buge ni har na ja baya. Ya jawo kyamarar da ƙyar, yana dafa bango.

"Maman Ladan, koma bakin rijiya."

"Baba, ba za ni ba sai ka yarda da asibiti."

"Na yarda. Je ki."

Na je na ɗaga jaridar. Ya shiga cikin ƙyallen.

"Kin fito," na ji muryarsa can ciki. "Ina karanta ƙananan baƙin. Har tsagar kumatunki ina gani."

Ya zame ya zauna a dokin ƙofa, bai sake tashi da ƙafarsa ba. Isiyaku da Ummaru suka cicciɓe shi zuwa mota. Isiyaku ya ce sun wuce Izom kaɗan ya nemi ruwa. Kafin a tsaya a buɗe gora, rai ya yi halinsa.

Motar da ta dawo da gawarsa ita ta riga ta Esta isowa. A Diko aka binne shi, mu ma muka bi su. Wani malamin asibiti, ɗan cocinsu, ya zo ɗakin daga baya. Da ya shinshina kwalbar sai ya toshe hanci, ya ce guba ce, ya sa aka haƙa rami nesa da rijiya aka binne ta. Ummaru ya ɗauki kyamararsa yana share ido, ya tafi ƙauyuka da ita.

Bayan mako Esta ta zo kwashe kaya. Ta wanke rigunansa duka, ta shanya a igiyar tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni a ƙofar ɗakina. Hadari ya taso daga gabas, aka fara yayyafi. Muna kallon rigunan suna jiƙewa, babu wadda ta tashi.