Shuɗin Baho Daga Parakou

Zinatu ta shekara tara tana sayar da kayan jarirai a kasuwar Arzeke ta Parakou. Ranar da ƙanwarta Munira ta kira ta daga Djougou ta ce an yi ekografi, wato hoton ciki, likita ya ga namiji, ba ta tsaya a lissafa mata abin da ake buƙata ba. Cikin fari ne, mahaifiyarsu kuma ta rasu, yanzu ita ce uwa. Suna cikin magana surukar Munira, Hajiya Mariatou, ta karɓi wayar.

"Zinatu, shuɗi za ki kawo, kin ji ko? Komai shuɗi. Kada ki cuɗa mana da wani launi, ɗan Rachidou na fari ne."

"In sha Allahu, Hajiya."

Ta haɗa baho da bokiti, tawul uku, gidan sauro mai lema, riguna, safa, huluna, bibiro na shayar da jariri, har da ɗan kwandon sabulu. Da watan haihuwa ya kama ta ɗaure kayan ta nufi tasha da 'yarta Shakira mai shekara huɗu, don mijinta direban babbar mota ne, yana can hanyar Malanville. Shakira ta rungumo ɗan kamiyonta, wato babbar motar wasa ta roba, rawaya, mai igiya a gaba. Ubanta ne ya kawo mata daga Cotonou, da shi take cin abinci, da shi take kwana.

Mai taksi ya yi ta ƙorafi kafin ya ɗaure lodin a saman mota. Suna wuce Tourou ruwa ya sauko, ya raka su har Partago. Shakira ta yi amai sau biyu. La'asar sakaliya suka isa Djougou, ƙafafun Zinatu sun kumbura saboda matsi, sai ga Rachidou mijin Munira a ƙofar gida, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Yaya Zinatu, sannunku da hanya! Tun safe nake neman wayarki. Munira ta sauka lafiya da asuba."

"Alhamdu lillahi! Angon ƙarni, ina yaron namu?"

Ya sosa ƙeya. "Mace ce."

Zinatu ta rangaɗa guɗa tun daga zaure. Ta tarar da Munira kwance, ta rame amma tana dariya, ga 'yar jaririya ja jawur an naɗe ta a tsohon zane. Ta ɗauke ta, ta ƙirga yatsunta, hawaye suka zubo mata don ta kwaso kumatun marigayiya uwarsu sak. Bayan ta huta ta fito tsakar gida ta fara kwance lodi. Ɗaki akwai sanyin damina, ta zaro riga mai dogon hannu da safa da hula za ta shiga da su.

"Ina za ki da waɗannan?" Hajiya Mariatou ce a bakin madafa, ta riƙe ludayi.

"Zan sa mata, Hajiya. Ɗakin da sanyi."

"Ki sa wa 'ya mace kayan maza? Gobe 'yan barka za su fara shigowa. Kowa da wayarsa, kowa sai ya ɗauki hoto ya tura wa dangi har Kandi da Niamey. A ce me aka haifa a gidan nan?"

"A ce abin da muka faɗa musu. Ai za a huda mata kunne ma, kowa ya ga 'yan kunne ya san mace ce."

"Wa ke ganin 'yan kunne cikin hula? Roz za ki kawo."

Roz shi ne abin da 'yan kasuwa ke kiran ruwan hoda. Zinatu ta dubi tulin kayan da ta sha ruwa da matsi ta kawo, ta dubi tsohuwar.

"Hajiya, ku yi haƙuri, to bahon fa? Wanka kawai za a yi mata a ciki, a bayan ɗaki. Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Da yamma aka yi wa jaririya wanka a tsohuwar roba da ake jiƙa wake a ciki, sabon baho yana jingine da bango. Zinatu ta zauna kusa da Munira tana huci.

"Ke ba za ki ce komai ba? 'Yarki ce fa."

"Yaya, ni ɗinki ke ci na, ban iya zama ma ba. Kuma ke za ki tafi, ni ce zan zauna da ita. Don Allah ki canzo mata, a zauna lafiya."

Rachidou da ta tare shi ya ce shi wallahi ko kore aka sa wa 'yarsa bai damu ba, amma Inna ta riga ta faɗa. Washegari suka zaga kasuwar Djougou su biyu. Akwai riguna roz, amma gidan sauron da suka samu fari ne, bahon kuma ja. Hajiya ta ce ja ba roz ba ne, ita kuma ba ta son haɗe-haɗe, saiti ɗaya take so kamar wanda aka kawo.

Haka Zinatu ta sake hawa taksi zuwa Parakou. Ta bar Shakira wajen Munira don yarinyar ba ta jure mota. Ta yi niyyar kwana ɗaya, sai ta tarar gidan sauro roz ya ƙare a rumfarta da ta maƙwabta, ta jira kwana biyu aka kawo daga Cotonou. Duk mai ciniki da ta zo sai ta same ta fuska a ɗaure. Ranar na biyar da haihuwa ta koma Djougou da sabon lodi, ta hanyar nan dai, da ruwan nan dai.

Tana shiga gida ta ga wata yarinya zaune a kan turmi, cikin wata buɗaɗɗiyar riga roz mai tattara-tattara kamar labulen amarya, an yi mata kitso an ɗaɗɗaure da ribom. A cinyarta akwai 'yar tsana da 'yar ƙaramar tukunya. Sai da yarinyar ta ɗago ta fashe da kuka Zinatu ta gane 'yarta ce.

"Mama, Kaka ta ba da kamiyona!"

Zinatu ta ajiye jaka a hankali. Ta tarar da Hajiya a rumfa tana tsince shinkafar suna. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi mai jego da jaririya, sannan ta ce:

"Hajiya, motar Shakira fa?"

"Na ba jikan maƙwabciyata, shi ya dace da ita. Ke ba ki ga yarinyar nan ba? Tun safe tana jan mota a tsakar gida tana bum-bum da baki, tana cewa a ba ta hanya za ta Malanville. Mata suna shigowa barka suna dariya. Na saya mata abin da 'ya mace ke wasa da shi, ga riga ma na ɗinka mata."

"Mun gode da riga. Amma motar ubanta ne ya saya mata, da hannunsa."

"Shi namiji me ya sani? Ke ce uwa, ke za ki gyara. Yau mota, gobe ƙwallo, jibi ki neme ta a kicin ki rasa."

Abin da Zinatu ta kwana biyar tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

"Hajiya, shekararta huɗu! Ubanta take kewa, shi take kwaikwayo. Kuma ku gafarce ni, ku da kuka haifi Rachidou, a wane launi kuka naɗe shi? Ni dai na san mu a tsohon zanen kakarmu aka naɗe mu, mu da yayyenmu maza, zane ɗaya. Wa ya zama wani abu daban? Yaushe aka saukar da wannan doka ta shuɗi da roz? Wa ya kawo ta?"

Hajiya ta ajiye faifan shinkafa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke."

"Ni?"

"Ke mana. Shekara uku da suka wuce, da 'yata Zouéra ta haihu a Parakou, ban zo rumfarki ba? Na ɗauki wani baho kore mai kyau, mai kauri. Kika karɓe daga hannuna a gaban mutane, kika ce, 'Haba Hajiya, yanzu ba a haka, mace aka haifa, roz ake saya, kada a ce kakar 'yar ƙauye ce.' Matan da ke wurin suka yi dariya. Na ajiye na ɗauki roz. Ni da na haifi bakwai ban taɓa sanin baho yana da mace da namiji ba sai a bakinki. Yanzu na koya, kin zo kina yi mini tsawa a gidana."

Zinatu ta sunkuyar da kai. Ba ta tuna ranar ba, amma maganar tata ce. Ta faɗa wa mata ɗari irin wannan, da murmushi, don saiti ya fi fita da sauri, kuma wadda ta sayi roz bana in ta haifi namiji baɗi dole ta dawo. Haushin da ta kwaso daga Parakou ya rasa inda zai sauka, ya dawo kanta.

"Na faɗa," ta ce can. "Ban kyauta ba, ku yafe ni. Ga roz nan na kawo, komai da komai. Amma motar Shakira zan karɓo."

Hajiya ta ci gaba da tsintar shinkafa. Zinatu ta ɗauki 'yar tukunyar da wani biskit daga jakarta ta shiga maƙwabta. Ta yi sallama, ta yi bayani, kunya kamar ta nutse. Yaron ya karɓi biskit da tukunya, ya miƙo mota ba gardama, ya zauna yana zuba ƙasa a tukunyar yana juyawa da kara. Ƙafa ɗaya ta motar ta cire, an neme ta an rasa. Shakira ta karɓa a haka, ta ɗora 'yar tsanar a baya a matsayin fasinja, ta ja ta tana ɗingishi har zaure, rigar roz tana sharar laka.

Ranar suna aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka raɗa wa jaririya Zoulaïha. An shirya ta tsaf, roz tun daga hula har safa, amma sanyi ya sa Hajiya da kanta ta ɗauko wani bargonta mai kauri, ruwan ƙasa, ta naɗe ta ruf, hanci kawai ake gani. Haka ta yini ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, haka aka yi ta ɗaukar ta hoto. Duk baƙuwar da ta karɓe ta sai ta leƙa ta ce, "Masha Allah, me aka samu?" Hajiya ta amsa, "Mace," har muryarta ta dushe. Zinatu tana raba waina, ta kama bakinta, Munira kuwa ta cusa fuska a filo tana dariya tana riƙe ciki.

Kwana biyu bayan suna Zinatu ta yi sallama. Hajiya ta ba ta doya da man shanu, ta shafa kan Shakira, ta kauda ido daga motar. Kayan shuɗi kuwa ta ce a tafi da su, ba ta da wurin ajiya. Aka sake ɗaure su a saman taksi.

A Partago motar ta tsaya sauke wata mata da ta taho da su tun daga Djougou, goye da jariri, ta fito daga asibiti. Da ta sauka ta tsaya tana kallon saman mota.

"Baiwar Allah, bahon nan naki ne? Na sayarwa ne? Namu ya tsage, a ƙwarya nake yi wa jinjirin nan wanka."

"'Ya mace ce?" Bakin Zinatu ne ya riga ta, ta ji kamar ta mari kanta.

"Mace ce. Ba ya yoyo dai ko?"

"Ba ya yoyo. Direba, sauko mata da shi, da tawul ɗaya. Kyauta ce, na barka."

Direban ya fito yana ɗaga hannuwa sama. "Madam, bahon nan shi ne a ƙasan lodi! Sai na kwance komai, ga hadari ya taso!"

"Kwance," in ji Zinatu, ta buɗe ƙofa ta fito ta kama masa igiya.