Da Sauƙi

"To, wanne ya fi karɓarsa?" likita ta sake tambaya, tana duban Auta.

Auta ta dubi mahaifinta. Shekaranjiya aka yanke masa rabin tumbi saboda ciwon daji. Jiya aka yi masa allurar morfin don kashe zafi, ya yi ta amai har aka ji tsoron ɗinkin zai buɗe. Yau aka canza zuwa fentanil, amai ya tsaya, ya kwanta tsit. Yanzu ana so a san wanda za a ci gaba da shi.

"Baba, ya jikin yau?"

"Da sauƙi."

"Jiya fa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Mutumin nan ko a bakin kabari aka tambaye shi, da sauƙi zai ce, ya kuma tambayi lafiyar iyali. Ga yayanta a waya yana ta faɗa: "Duk ba ƙwaya ba ce? Kada su mayar mana da tsoho ɗan maye!" Kan Auta ya ƙara kullewa. Shirun nan na Baba sauƙi ne, ko dauriya?

Sai ga nas ta shigo, ta gyara masa filo a karkace.

"Na gode, 'yata," in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Auta ta zuba masa ido. Baba tela ne da bai taɓa ganin abu daidai ba. Jiya ma, tsakanin amai da amai, sai da ya kushe labulen ɗakin, ya ce wanda ya ɗinka shi da ƙafa ya riƙe almakashi. Ta ɗaga mayafinsa, ta tarar ya damƙe ƙarfen gado tamau da hannunsa.

"Likita, a mayar da shi kan na jiya, a haɗa da maganin amai."

"Ya ce miki yana jin zafi?"

"A'a. Godiya yake yi."

Likita ta yi mata kallon rashin fahimta, amma da ta ga hannun, ta kira nas.

Bayan la'asar Baba ya buɗe ido, ya ƙare wa Auta kallo.

"Ke, wa ya ɗinka miki wannan rigar? Wuyan ya karkace."

"Kai ne, Baba," ta ce, hawaye na zuba.

"Ƙarya kike!"