Awar da Yaya Ya Datse

Yaya mai rubuta manhaja ne, shi ya sa bayan rasuwar Baba aka miƙa masa wayar marigayin ya kwashe abin da ke ciki. Ya rubuta ɗan shiri na kwamfuta da ke jera kowane saƙo da lokacin da aka buɗe shi.

A ciki akwai saƙon murya na ƙaninsa Auta, wanda ya bar gida suna fushi da Baba. Gafara yake nema. Shirin ya nuna an saurara da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, Baba kuwa biyar saura ya cika. Nan take Yaya ya kira Auta ya ce, "Ya ji ka." Ranar Auta ya fara iya cin abinci.

Sai daga baya Yaya ya ga aikin da ya yi. Kowane lokaci a wayar yana ƙarewa da harafin Z, alamar agogon duniya, wanda ke bayan nasu da awa ɗaya. Shi kuma ya datse harafin don shirin ya daina yi masa gardama. Da ya mayar da shi, huɗu ta koma biyar. Baba ba ya duniya aka buɗe saƙon.

Ya sami Inna tana ninke rigunan Baba.

"Inna, wa ya buɗe saƙon Auta?"

"Ni. Hannunsa bai gama sanyi ba na kara masa a kunne."

"Amma ai ya riga ya..."

"Sai injinka ya faɗa mini? Ina zaune ka ce wa yaron nan ya ji, na kama bakina." Ta shafa wuyan rigar. "Tun safe yake tambaya ko Auta ya kira. Wanda bai yafe ba ba ya irin wannan tambayar."

Yaya ya koma gaban kwamfuta ya daɗe yana kallon harafin. Dannawa ɗaya ce, ya sake datse shi, Baba ya ji saƙon har abada, ba kuma mai bincika.

Ya bar shi a wurinsa, ya ɗauki waya.

"Auta, nemi wuri ka zauna. Magana biyu ce. Ta farkon kuskurena ne. Ta biyun, ga Inna za ta faɗa maka."