Ikweshan na Uku

"Ba zan kwafa ba," in ji Auta. Ta ture takardar Yaya da bayan biro.

Yaya, ɗan jami'a, ya tsaya a kanta riƙe da ƙugu. "Na ce ki kwafa ki tashi. Da wannan jingar fa Malamar kemistiri za ta zaɓi mai wakiltar makarantarku a gasa."

"Na sani. Shi ya sa."

"Mama, kina jin 'yarki?"

Daga kicin Mama ta ce, "Kai ma haka kake, mantawa dai ka yi."

Auta ta gyara zama a teburin guga, don shi ne kusa da taga. Ikweshan uku aka ba su, wato lissafin haɗuwar sinadarai, kowanne da yawan zafin da yake fitarwa. Sai an haɗa su kafin a san zafin na huɗu, wanda ba a faɗa ba. Ta juya na biyu, farkonsa ya koma ƙarshe, ta mayar da mainos ɗinsa fulos. Ta ninka na uku sau biyu don iskar oksijin ta daidaita. Sannan ta bi tana soke duk abin da ya fito hagu da dama, kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ta goge, ta sake, har takardar ta huje.

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta, ya yi gyaran murya.

"Kar ka ce komai, Yaya."

"Ni? Tari nake yi, Farfesa."

Ranar da aka dawo da littattafai, tun kafin Malama ta buɗe baki Auta ta gano inda ta zame. Ta ninka ikweshan na uku, amma ta bar zafinsa yadda yake.

"Juyawarki daidai, sokewarki daidai," in ji Malama. "Nan kaɗai kika yi kuskure."

"Na gani, Malama."

Da ta koma gida Yaya ya ce, "Na hango kuskuren tun ranar. Da kin bari na yi magana."

"Da ban taɓa ganinsa da idona ba."

Ta zauna ta sake lissafin daga farko, ya fita tas, ba wanda ya sa mata hannu. Gasar kuwa ta wuce ta. Maƙwabciyar kujerarta aka zaɓa, kuma Auta tana ajin ƙarshe, ba ta da wata shekarar da za ta sake nema.