Mai Bulalar Hanyar Launceston

Kwaɗayi ne ya ci Jabez Horrocks, kuma ba kwaɗayin wani babban abu ba: shayi, sukari, da ɗakin da zai kwana shi kaɗai.

Masaƙi ne a Ingila. Ya saci turmin yadi, alƙali ya yanke masa shekara goma sha huɗu a tsibirin Van Diemen, inda aka jibge mu fursunoni duka. A jirgi zazzaɓi ya kwantar da shi. Wani ɗan Ailan mai suna Dinny Moran, ɓarawon tumaki, shi ya riƙa jiƙa masa busasshen burodi yana ɗura masa har ya tashi. Tare aka sa musu marin ƙarfe a ƙafa, tare aka tura su fasa dutse a hanyar Launceston.

Ku sani, mai yi wa fursuna bulala fursuna ne ɗan'uwansa. Da tsohon mai bulalarmu ya mutu, ganduroba ya yi cigiyar wanda zai gaje shi, ladansa shayi da sukari da ɗaki. Kowa ya sunkuyar da kai. Jabez ya ɗaga hannu.

"Masaƙi, ka haukace?" in ji Dinny. "Da wa za ka sha shayin?"

"Ƙafata ta ruɓe da marin nan, Dinny. Ko ban yi ba wani zai yi."

"To, bar wanin ya yi."

Bai bari ba.

*

Aka cire masa mari, aka ba shi bukka a gefen sansani. Daga ranar ba wanda ya ƙara amsa gaisuwarsa. In ya zo bakin wuta sai hira ta mutu. Dinny kaɗai ke tsayawa a ƙofarsa ran Lahadi, ya kunna lofe, ya zage shi, su yi dariya. Wannan zagin Jabez ke jira duk mako.

Sai ranar da Dinny ya wuce ganduroba bai tuɓe hula ba. Bulala hamsin.

Ana ɗaure shi a gwafar bulala ya waiwayo. "Sassauta hannu, masaƙi. Ka san bayan nan ba nama."

Jabez ya sassauta. Ganduroba ya gani.

"Ƙura kake kakkaɓe masa? Ko ka yi aikinka, ko a kwance shi a ɗaure ka, gobe ka koma dutse."

Jabez ya dubi marin da ke ƙafafunmu, ya daɗe yana duba. Sannan ya gyara tsayuwa. Ina wurin. Ban taɓa ganin ya yi duka irin na ranar ba.

Dinny bai mutu ba, bai kuma yi ihu ba. Da ya warke, Jabez ya tare shi a bakin rijiya.

"Dinny, ka saurare ni."

Dinny ya ajiye guga, ya tuɓe hula, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe," ya ce, ya wuce.

*

Jabez ya sami takardar 'yancinsa kafin mu duka. Amma tsibirin nan cike yake da mutanen da zanen bulalarsa ke bayansu. Ba wanda ya ɗauke shi aiki a gari, ba macen da ta yarda da shi. Ya tsufa yana kiwon tumakin wani a bayan duwatsu, har ya koma magana da kare.

Ga abin da ya rasa: abokinsa guda ɗaya, da sunansa, don har ya mutu Mai Bulala ake ce masa, da wurin zama a bakin wutar kowa. Mutum huɗun da suka ɗauki gawarsa fursunoni ne, su ma sai da aka ba su umarni.