Hirudus da Goyo

A majami'armu ta Unguwar Kanya, can bayan Getso in ka bi hanyar gonaki, mata ne ke yin wasan kwaikwayon Kirsimeti, kuma mata ne ke fitowa a matsayin kowa. Mu ne makiyaya, mu ne mala'iku, mu ne masanan da suka biyo tauraro. Maza sun taɓa gwadawa wata shekara, suka yi tsaye kamar an dasa su, tun daga nan muka karɓe abinmu. Sarki Hirudus kuwa, mugun nan da ya sa a karkashe jarirai, wannan na Marka ne, ba mai taɓa mata shi.

Marka ita ce uwar Zumuntar Mata. Doguwa ce, ga murya, in ta kira akuyarta daga ƙofar gida har ta maƙwabta sai ta dawo. Idan ta zura babbar rigar marigayi mijinta, ta naɗa rawani, ta manna gemun auduga da ƙaro, ta zauna a kan turmin da muke kifawa ya zama gadon sarauta, yara kan shige cikin zanen iyayensu. Fasto kansa yakan gyara zama.

Ɗanta ɗaya namiji, Baƙo, ɗan fari. Yana sayar da hatsi a Getso. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ya musulunta, ya zama Salisu, ya auri wata yarinya 'yar garin mai suna Fiddausi. Shi ya ce zuciyarsa ce ta kai shi, uwarsa ta ce rumfa da mata ne suka kai shi. Ni dai ban shiga zuciyar kowa ba. Abin da na ji da kunnena shi ne maganar da Marka ta yi a gabanmu ranar taron mata: ƙafarta ba za ta taka gidansa ba, hannunta kuma ba zai taɓa abin da ya haifa ba. Fasto ya yi mata wa'azin gafara har ya gaji. Da aka haifi yaro da damina, aka aiko mata da goron suna, ta mayar da shi yadda ya zo.

Kirsimetin da ya biyo baya ya same mu a tsiyace. Taki ya fi ƙarfin kowa, dawa ba ta yi ba, shinkafa kuwa sai dai mu gaishe ta a kasuwa mu wuce. Duk majami'a muka haɗa hannu muka samu akuya ɗaya, ita ma da ƙyar take tsayuwa. Al'adarmu tun kakanni, Musulmi muke kira ya yi mana yanka, don maƙwabta su ci abincin da za mu aika musu. Malam Datti da ya saba yi mana ya aiko wai bayansa na ciwo. Bayan nasa ya fara ciwo ne tun lokacin da 'yan Hisba suka fara zagayen ƙauyuka, amma dai muka aika masa da sannu.

Asta, ƙawar Marka tun suna 'yan mata, kuma mace ɗaya tak a garin da ba ta tsoronta, ita ta ce a kira Salisu.

Marka ta ce, "Ku kira duk wanda za ku kira. Ni bana ba na cin naman akuya, yana tayar min da ƙaiƙayi."

Sai ga wata matsalar. Muka buɗe akwatin kayan wasa, muka tarar ɓeraye sun cinye hancin 'yar tsanar da muke kwantarwa a komin dabbobi a matsayin jariri Yesu, sun haɗa da hannu ɗaya. Ga shi babu jariri a majami'a, matasan duk sun tafi Kano da Kaduna neman abinci da matansu. Ƙaramin da ya rage mana yana gudu, yana cizo kuma.

Asta ta ce, "Ku bar ni da maganar jariri. Akwai wata 'yar'uwa ta wajen Kabo da za ta ara mana."

Ranar Kirsimeti da safe na leƙa gidan Asta, wanda ke bayan majami'a, don ta zana min gashin baki da gawayi, saboda ina cikin masana. Ina ɗaga labule na ga wata yarinya da hijabi a bakin gado tana shayar da jariri. Na san ta sarai. Fiddausi ce.

Na ce, "Asta, wannan ce 'yar'uwar ta Kabo?"

Ta ce, "Kakarta 'yar Kabo ce. Rufe bakinki in zana miki."

"Kin san Marka za ta haɗiye ki ɗanye?"

"Ta haɗiye mana. Ke kin san duk ranar kasuwar Getso takalmin Marka sai ya tsinke? Kuma ba ya tsinkewa ko'ina sai a bayan katangar gidan yaran nan. Ta tsuguna tana gyara, tana gyara, sai yaro ya yi kuka a ciki sannan takalmi ya gyaru. Na gaji da tsayuwar jiranta a rana."

Fiddausi ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta ce, "Ina ganinta ta kafar ƙyaure, Inna. Rannan har na mintsine shi kaɗan don kada ta daɗe a rana."

Na tambaye ta ko mijinta ya sani. Ta ce shi dai ya san ta rako shi ne ta gaida Inna Asta, yana can gindin kuka da akuya. Ita ba za ta shiga majami'a ba, kada magana ta kai gidansu, amma yaro ai bai san inda yake ba. Abu ɗaya ta roƙa, kada a zuba masa ruwan baftisma a ka. Asta ta ce ko yayyafi ba zai taɓa shi ba.

Aka buga ƙarfen mota da muke kira ƙararrawa, majami'a ta cika. Bayan wa'azi muka fara. A gefen dama Hirudus ya hakimce a kan turmi. A gefen hagu ga komi cike da harawa, ga Asta da rawani ta zama Yusufu, ga Rahila ta zama Maryamu. Rahila amarya ce, ba ta taɓa haihuwa ba, an zaɓe ta ne don ita ke da shuɗin mayafi. Yaro yana ta barcinsa a naɗe cikin zane, an ja masa hula har gira.

Mu masana muka je gaban sarki muka faɗi, muka ce mun ga tauraron sabon sarki. Marka ta daka mana tsawa har audugar gemunta ta yi rawa. Ta ce mu je mu nemo yaron, mu dawo mu gaya mata. Muka juya wajen komi da kyaututtukanmu, sabulu sala ɗaya da kwalbar turaren da babu komai ciki. A nan ne mala'iku suka saki guɗa gaba ɗaya, masu kiɗan tulu suka ɗauka.

Yaro ya farka ya tsala ihu.

Na waiga wajen turmi. Wallahi takobin katakon da ke hannun Hirudus sai da ya sauka ƙasa. Wani irin kuka yaron ke da shi, ya ja dogo sannan ya yi shiru kamar numfashi ya ɗauke, sai ya sake ɓarkewa. Marka ta san kukan nan. Ta kalli Asta, Asta ta kalli rufin kwano kamar tana neman tauraron a can.

Rahila ta ɗauki yaro ta hau jijjiga shi kamar tana kaɗa nono. Kuka ya ƙaru. Ta juya shi nan, ta juya shi can, kansa yana lilo. A tsarin wasa, nan ne Hirudus zai miƙe ya ba dogarai umarnin kashe jarirai. Dogarai sun gyara tsayuwa, suna jira.

Sarki ya buɗe baki ya ce, "Ke! Tallafe masa wuya!"

Fasto ya duba takardar hannunsa.

"Wuya na ce, ba ƙafa ba! Yusufu, kana tsaye kana kallo za ta karya yaron mutane?"

Asta ta kumbura murya irin ta maza ta ce, "Ranka ya daɗe, ni kafinta ne, ban iya reno ba."

Aka fashe da dariya. Marka ba ta yi ba. Na ga hannuwanta sun damƙe gefen riga, tana murzawa. Duk matan da suka ji maganarta ranar taro suna zaune a gaba, kuma ta san suna kallonta. Sai yaro ya ja dogon kukan nan ya yi shiru, shirun ya daɗe fiye da na ɗazu. Ban ga lokacin da ta tsallake turmi ba. Na dai ga babbar riga ta wuce ta gabana, ta ture masani ɗaya, ta fizge yaro daga hannun Rahila.

Ta kwantar da shi a kafaɗa, ta bubbuga bayansa, tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa. Ya yi gyatsa, ya ja ajiyar zuciya, ya yi lamo. Wani tsoho a bayan majami'a ya ce, "Kai, bana Hirudus ya tuba!" Majami'a ta kece, har Fasto ya cire tabarau yana share ido.

Marka ta juyo ta watsa mana harara. Ta ce, "Kada wadda ta kalle ni. Marka ce ta yi magana ranar taro. Wannan Hirudus ne, shi bai yi wa kowa alkawari ba."

Ta sauko da yaron tana duba fuskarsa, ta ɗaga hular. Shi kuwa ya ga farin abu yana reto a gabansa, ya kai hannu ya damƙe. Ƙaron ya riga ya jiƙe da gumi. Gemu ya taho gaba ɗaya, ya bar Marka da fuskarta, auduga 'yar kaɗan a haɓa. Yaro ya kai gemun baki, ya ji babu daɗi, ya fara neman nono a ƙirjin babbar riga.

Ta ce da Asta, a hankali wannan karon, "Ina uwarsa?"

Wasa dai a nan ya mutu. Marka ta fita da yaro, muka bi ta duuu, da mala'iku da dogarai da kowa. Fiddausi ta ji hayaniya ta fito ƙofar gidan Asta. Salisu yana gindin kuka ya gama fiɗa, hannu duk jini, ya ɗago kai ya ga mutum cikin rigar ubansa ɗauke da ɗansa. Wuƙar ta faɗi. Ya kalli matarsa, ya kalli Asta.

Asta ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. A harawa kawai ya kwanta, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

Fiddausi ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, barka da Kirsimeti."

Marka ta miƙa mata yaron. Yarinya ta juya baya ta rufa da hijabi ta ba shi ya sha. Muka tsaya cirko-cirko, kowa yana jiran ya ga abin da zai faru in ya ƙoshi. Gaskiya tausayin Marka ya kama ni a lokacin, don ban taɓa ganinta ta rasa inda za ta sa hannuwanta ba sai ran nan.

Yaro ya ƙoshi. Fiddausi ta matso a durƙushe, ta ɗaga shi sama da hannu biyu. Asta, da shegantakarta, ta zaro gemun audugar daga hannun yaron ta miƙa wa Marka.

Ta ce, "Ungo, mayar. Sai a ce Hirudus ne ya sake ɗauka."

Marka ta dubi gemun, ta dubi matan Zumunta da ke kewaye da ita. Ta ce, "Ajiye shi sai baɗi."

Ta tuɓe babbar riga ta ba ni, ta warware rawanin, ta karɓi yaron da hannunta biyu. Ta ɗaga shi daidai fuskarta ta ce, "Kai ne angon nawa? Sai yau ka ga damar zuwa gaishe ni, kuma hannu rabbana, ko turmin zane babu?" Yaro ya yi mata dariya da dasashi. Ta wurga shi baya, ta goye shi da rawanin Hirudus, ta ɗaure tam.

Sannan ta nufi gindin kuka. Salisu ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Ba ta kalle shi ba, naman ta kalla. Ta ce a ware hanta a gasa wa mai shayarwa, kada wani dattijo ya kai mata hannu. Ta ce wannan fiɗar ta ubansa ce sak, shi ma haka yake barin nama a jikin fata. Ta ɗan rausaya goyonta.

Ta ce, "Kai kuma dubi wuyanka. Ka karya kuwa da safen nan?"

Ya goge ido da bayan hannu, ya shafa wa fuskarsa jinin akuya.

Ya ce, "Ban karya ba, Inna."

Ta ce, "To wanke hannu ka biyo ni."